Bakin da Aka Ce Yana Kawo Ruwa

Ku kashe mini lasifikar nan tukuna, tun hantsi take "ga maganin ɓera, ga maganin ɓera" har kaina ya ɗau ciwo. Kai Nasiru, da kai nake! Yawwa. Wato a ganinku kun gama da sana'armu ke nan. Kun sayo lasifika mai memori, kun ɗauki murya sau ɗaya, kun rataye ta a ƙusa tana ta haushi, ku kuna gefe kuna latsa waya. Har wani cikinku yana ce mini, "Baba Garba, ai aikinku surutu ne kawai." Surutu! To ku gyara zama, ku ji yadda surutun ya kusa raba ni da tuwo.

Ni a nan Anka na koyi shela, a hannun Baba Tunau Sankira, Allah Ya jiƙansa. Gajeren mutum ne, amma in ya ɗaga murya a bakin kasuwa sai mai jaki a bayan gari ya ja linzami. Shi ake ba cigiya in akuya ta ɓata, shi ke sanar da ɗaurin aure, shi 'yan kasuwa ke ɗauka ya yi musu talla. Inna ce ta ja hannuna ta kai ni wurinsa. Ta ce, "Baba, ga shi nan. Bai iya noma, bai iya kiwo, sai baki. In akwai abin da za a yi da bakin ga, na bar maka."

Baba Tunau ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini batir. Batirin mota ne, shi ke ba lasifika wuta. A ka nake ɗaukarsa, daga Anka zuwa duk kasuwar da za mu ci, ruwansa ya yi ta ɗiga yana cinye mini riguna. Na daɗe ina wannan dakon bai bar ni na ce uffan a makirfo ba. In ya hau turmi zai fara, sai ya ce, "Kar ka dube ni, dubi mutane." In kasuwa ta watse muna hanya, sai tambaya ta fara: wa ya fara tashi ya bar taro? A kan wace magana ya tashi? Matar nan mai tallan nono, me ya sa ta dawo? In na ce ban lura ba, ranar ba ni ba ƙosai.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Lasifika ta ƙarfe mai faɗin baki, makirfo da aka naɗe wa tsumma don kada iska ta yi masa fito, turmi kifaffe na tsayawa, da 'yar kwalbar zuma da citta a aljihu. Ba a shan ruwan sanyi ranar kasuwa. Kana tsayawa ne iska na bayanka don ta kai maka murya, kuma ba ka sa mutane su fuskanci rana, don mutumin da ke runtse ido ba ya jin magana. Babbar dokar kuwa ita ce wadda Baba ke maimaitawa kullum: "Baƙo ka yin ƙarya a kasuwa, don shi ba ya dawowa. Kai ko mako mai zuwa kana nan bisa wanga turmi."

Ranar da ya fara miƙa mini makirfo, a kasuwar Bukkuyum ne. Wani ɗan kasuwa ya ɗauke mu tallan maganin kaji, don shekarar an yi ciwon da ke sa kaza ta yi ta gyangyaɗi har ta faɗi. Na hau turmi ina jin kaina, na fuskanci layin 'yan kaji na ce, "Duk wanda ya ba kajinsa maganin nan suka tashi, ya ɗaga hannu!" Hannuwa suka yi sama. Na ce, "To wanda ya ba su suka mutu fa?" Shiru. Na ce, "Jama'a, gani ya kori ji!" Har an fara zura hannu a aljihu, sai wata tsohuwa mai daddawa ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, waɗanda kajinsu sunka mutu mi za su kawo kasuwa? Ai suna gida suna karɓar gaisuwa."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce, "Inna, ke da warin daddawarki ya kori rabin kasuwa, ina ruwanki da kaji?" Ban rufe baki ba na ji lasifika ta mutu. Baba Tunau ne ya fizge wayar batir. Kasuwa ta watse, muka hau hanya. Ya ce, "Magana tana da ramuka kamar hanyar Adabka da damina, kai ko yau biyu ka faɗa. Ka ƙirga waɗanda sunka zo, ka manta da waɗanda ba su zo ba. Sannan an tambaye ka kaji, ka amsa da daddawa. Ko mahaukaci ya tambaye ka, tambayar za ka amsa, ba tsummansa ba." Mako na zagayowa ya sa na je na durƙusa gaban tsohuwar, na kuma sayi daddawa da kuɗina.

Tun daga nan na fara gane ramukan in na gan su. A Gummi na ga wani mai sabulu da 'yan korensa, suna ta zagayowa suna saye suna mayar masa ta baya, shi kuwa yana ihu, "Kowa na saye, kai mi kake jira?" Mutane suka yi ta rububi, don ɗan Adam in ya ga layi sai ya shiga kafin ya tambayi na mene ne. Na yi wa 'yan siyasa aiki, masu cewa ko ku zaɓe mu ko ku mutu da ƙishirwa, sai ka ce babu wata rijiya a duniya sai tasu. Duk na san waɗannan. Amma ramin da ya fi kowanne zurfi, wanda har malamai da dattawa ke zurmawa, shi ne a ce tunda abu kaza ya zo bayan abu kaza, to shi ya jawo shi. Wannan ramin ne ya kusa binne ni, ni da na je fitar da wani.

Wata damina, bayan Baba ya rasu na gaji lasifikarsa, wani mutum ya yi mini sallama da sassafe. Fari fat yake da gari tun daga hula har gira. Sunansa Mamman, mai injin niƙa ne a wani ƙauye gaba da Adabka. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yanzu ina da surukai can. Mamman mai in'ina ne, kafin ya haɗa magana ɗaya ka sha fura ka wanke ludayi. Da ƙyar na tattara labarin. Ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa ya sayo inji, na farko a ƙauyen. An riga an yi shuka, gero ya fito ya kai gwiwa, inji na isowa sai ruwa ya ɗauke. Sai wani mai suna Shehu Dogo ya tashi da magana cewa ƙarar inji ce ke korar hadari. Yanzu an sa ranar zama a ƙofar Maigari, kuma ana cewa ko ya fitar da injin daga gari ko a tura shi cikin fadama. Ya ce, "B-Baba Garba, in inji ya tahi, ni da ɗiyana ba mu da ko zangarniya. Ni ko ban iya m-magana."

Na ɗaure lasifika a bayan babur muka kama hanya, lokacin hanya na da lafiya, ba 'yan fashi. Da muka isa na tarar gari ya cika ƙofar Maigari, har mata sun leƙo ta kan darni. Na ga gero a hanya ya naɗe ganye, saboda haka na san ba mugunta ce ta tara su ba, tsoro ne. Ban ma kunna lasifikar ba, don mutumin da ke cikin tsoro in ka yi masa ihu gaba yake ƙara yi.

Dogo ya fara, kuma wallahi ya iya. Doguwar riga, murya mai sanyi, yana yi yana nuna sama. Ya ce, "Jama'a, kakanninmu da turmi sunka ci tuwo, ruwa bai taɓa yi musu haka ba. Ran da inji ya shigo garin ga, ran nan munka ga ruwa na ƙarshe. Ko ba haka ba?" Aka amsa, "Haka ne!" Ya ce, "Shekaranjiya hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, Mamman ya tada inji, hadari ya watse. Kun gani ko ba ku gani ba?" Aka ce, "Mun gani!" Ya ce, "To ku zaɓa, ko inji ko gero."

Mamman ya matso kunnena, ya ce in faɗa musu ƙanen Dogo ma inji yake son sayowa, shi ya sa yake wannan. Na ce ya rufe mini baki. Ko da gaskiya ne, wannan daddawa ce, ba kaji ba. Kuma in ka kunyata mutum a gaban surukansa, ka ci magana ka rasa gari.

Na tashi na gaida Maigari da Liman, na ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da Malam Shehu ya faɗa ya gani, ni ma na yarda ya gani. Tun da inji ya zo ba a yi ruwa ba." Mamman ya dube ni kamar zai yi kuka, yana zaton an saye ni. Mutane kuwa suka saki jiki, don wanda ya ce ka yi gaskiya ba ka ƙin saurarensa. Na ce, "Tunda dai mun tashi korar abin da ya hana ruwa, kada mu yi rabin aiki. Ku taimake ni, ni baƙo ne. Ban da inji, me kuma ya shigo garin nan bana?"

Aka dubi juna. Can wani daga baya ya ce, "Babur ɗin Maigari." Na ce, "Yana da ƙara?" Aka ce, "Har ya fi inji, don salansa ta huje." Maigari ya gyara rawani ya yi tari. Na ce, "To mu ajiye shi gefe. Sai me?" Wata murya ta mace daga bayan darni ta ce, "Tabaran Liman!" Liman ya cire tabarau a hankali ya sa a aljihu. Dariya ta fara fita ta hanci. Na ce, "Da na shigo gari na hangi wani ɗaki da sabon kwano yana ƙyalli, har ya kashe mini ido. In ni ya kashe mini ido daga ƙasa, ina ga hadari da ke kallonsa daga sama? Na wane ne?" Gari duka ya juya ya dubi Dogo. Makon da aka kawo inji, makon ya yi rufin.

Ana cikin dariya sai wani dattijon Bafulatani, Jauro Bello, da ya kawo nono kasuwa ya tsaya kallo, ya dogara sandarsa ya ce, "Ni hwa rugarmu ba inji, ba babur, ba kwano, ko tabarau babu. Mu ma ba mu ga ruwa ba. Can Gummi ko, injuna sun fi a ƙirga, jiya ɗana ya dawo daga can jiƙe sharkaf." Na ce Allah Ya yi wa Jauro albarka, ya rage mini aiki.

Ban bar Dogo a rana ba. Na ce, "Malam Shehu bai tada maganar nan don ƙin Mamman ba, geron jama'a ne ya hana shi barci, kuma gari na buƙatar irinsa. Sai dai zakara na cara gari ya waye, amma in kun yanka shi rana ba ta fasa fitowa." Liman ya karɓa ya ce ruwa na hannun Allah, gobe kowa ya fito roƙon ruwa. Maigari ya yanke hukunci, inji na nan, babur ma na nan. Mamman ya kama hannuna da hannu biyu, yana son godiya maganar ta ƙi fita. Ya ruga ya tada injinsa, mata suka fito da ƙwarya.

Ina ɗaure lasifika a babur zan tafi, sai na ji iska ta sauya. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi. Kafin in buga babur, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Yara na tsalle, tsofaffi na hamdala, ni ma ina murna. Sai ga Dogo a guje, rigarsa ta manne a jiki, ya kama hannuna ya ɗaga sama yana ihu, "Jama'a, wanga bawan Allah goshi gare shi! Yana buɗe baki ruwa ya sauka!" Na ce, "Malam Shehu, haba! Ai abin da na gama faɗa ke nan! Faɗuwa ce ta zo daidai da zama!" Ina! Wa ke saurarena? Duk zufar da na yi ruwa ya wanke ta. Na fitar da su daga rami ta gaba, suka zagaya suka faɗa ta baya, kuma wannan karon da ni a ciki.

Kafin kaka suna ya bi ni, Garba Mai Ruwa. Duk ƙauyen da ruwa ya yi wa jinkiri sai a aiko mini: in zo in yi musu shela, ko ta mece ce, ko cigiyar akuyar da ba ta ɓata ba. In na ƙi zuwa a ce girman kai. In na je na rantse musu ba ni da komai, a ce ka ji tawali'u irin na bayin Allah. In an yi ruwa bayan na tafi, nawa ne. In ba a yi ba, an ce ban daɗe bisa turmi ba. Matata har ta daina shanya in ta ji ina gyaran murya, don tsokana.

To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Aka zo wata shekara da ruwa ya ɗauke a ƙasar nan baki ɗaya. Aka yi ta jana ƙauye ƙauye, ina zuwa ina dawowa, sama wayam. Sai magana ta juya. Aka ce goshin ya shafe, yanzu farar ƙafa gare ni, duk garin da na taka hadari sai ya kauce. 'Yan kasuwa suka daina ɗaukata talla. Ɗaurin aure a unguwarmu, sai a kira wani daga nesa. Mai shayi na ganina zai ce ruwan zafi ya ƙare. Batir ya mutu a ɗaki don rashin aiki, na koma ina sayar da kajin matata muna cin tuwo. Wallahi na ji tsoro a shekarar nan, don ban iya komai ba sai baki, kuma bakin ne ake gudu.

Ƙarshenta ƙauyen su Mamman suka aiko in zo. Za a zauna a hana ni shiga kasuwarsu, kuma na san in suka yanke haka, kafin mako labari ya kai Gummi da Bukkuyum, shi ke nan an rufe ni. Ƙofar Maigari dai, mutanen dai, kuma Dogo ne a tsaye. Ya ce, "Tun ran da wanga mutum ya taka garin ga bana, ko yayyafi kun gani?" Aka ce, "A'a!" Na tashi zan yi magana, aka yi caa, "Kar ya buɗe baki! Bakin ne matsalar!" Ni da na kare mutane a kasuwanni da ƙofofin hakimai, ga ni zaune an hana ni kare kaina.

Sai na ga wani fari fat ya miƙe a tsakiyar taro. Mamman. Na dafe kai na ce yau na kaɗe, wanda zai cece ni sai magariba zai gama sallama. Ya fuskanci Maigari, ya ce, "R-ranka ya daɗe. Ni t-tambaya gare ni." Kowa ya juyo, don ba a taɓa jin ya yi magana a taro ba. Ya ce, "B-Baba Garba, rani da damina, dare da rana, ya taɓa yin shiru?" Wani surukina daga baya ya ce, "Ko cikin barci magana yake!" Mamman ya ce, "To in b-bakinai na kawo ruwa, da Anka ta zama gulbi. In ko shina hana ruwa, da tun ran da ya fara magana ba a sake shuka ba." Ya juya ya dubi Dogo, ya ce, "M-Malam Shehu, kwanon ɗakinka na nan?"

Liman ne ya fara fashewa, har tabaransa ya faɗi. Maigari ya sa bakin rawani ya toshe baki. Dogo kansa ya zauna yana girgiza kai yana dariya. Aka ce Garba ya ci kasuwarsa, kowa ya fito roƙon ruwa da safe. Ni kuwa ban yi dariya ba. Idona ya cika, na kasa ce wa Mamman komai, ranar ni ne mai in'ina.

Mutane na watsewa suna dafa kafaɗar Mamman, sai na hangi wani ɗan gajimare ya leƙo daga gabas. Na san garin nan, ɗigo ɗaya ya sauka yanzu, gobe Mamman ne Mai Ruwa. Na ɗaga hannu na ce, "Ya Allah, muna son ruwa, gero na son ruwa. Amma don darajar bayinKa, a bari Mamman ya kai gida tukuna." Gajimaren ya wuce abinsa.

Ruwan bai zo ba sai bayan 'yan kwanaki, da hantsi. Ranar ina kwance a gida mura ta shaƙe ni, ko sallama ba na iya amsawa. Injin Mamman ya lalace yana jiran bakanike, babur ɗin Maigari ba mai, Dogo ya tafi biki Gummi. Aka duba gabas aka duba yamma, ba a samu wanda za a ɗora wa ba. Sai kowa ya gode wa Mai shi.

Nasiru, kunna lasifikar taka. In ta taɓa shiga irin wannan, ka nemo mata Mamman a cikin memori.